Hagu ko Dama? Yadda Ake Zaɓar Kujerar Taga a Jirgin Sama

A cikin jirgi ƙirar Boeing 737 ko Airbus A320, irin waɗanda ke yawan zirga-zirga tsakanin manyan garuruwanmu, kujeru shida ne a kowane sahu: uku a hagu, uku a dama, hanya a tsakiya. Biyu kacal ke jikin taga. Ke nan idan jirgi ya ɗauki mutum 180, mutum 60 ne za su iya leƙa waje ba tare da sun miƙa wuya ta kan kafaɗar wani ba. A cikin 60 ɗin ma, wasu fiffike ne zai tare musu ƙasa, wasu kuma rana ce za ta dallare musu ido tun daga tashi har sauka, su gaji su ja murfin taga su yi barci. Alhali duk hanya ɗaya aka bi, lokaci ɗaya aka sauka.

Mun san da yawa daga cikinku ba ku taɓa hawa jirgi ba, wasu ma ba ku taɓa shiga filin jirgi ba. To amma rana na zuwa. Wani zai bi iyayensa Umara, wata za ta wakilci makarantarsu a gasar kacici-kacici a Legas, wani zai sami gurbin karatu a ƙasar waje. Hawan farko ba ya maimaituwa, kuma ga mutane da yawa sai a yi shekaru kafin na biyu. Abin da malamin labarin ƙasa ya yi ta zanawa a allo da alli, kogi da dutse da tafki da hamada, a ranar ne za ku gan shi shimfiɗe a ƙarƙashinku. Ko ku gani ko ku rasa, ya danganta da harafi ɗaya da lamba ɗaya a jikin takardar shiga jirgi. Kuma zaɓen ba caca ba ne. Da taswirar da ke cikin jakarku da ɗan lissafi kaɗan za ku iya fitar da amsar tun kuna gida.

Harafi da lamba

Idan aka rubuta 23A, lambar ita ce sahu, ana ƙirgawa daga gaban jirgi, harafin kuma shi ne matsayin kujera a cikin sahun. Ana fara haruffa daga hagu, wato hagun mutumin da ke zaune yana fuskantar gaban jirgi. Saboda haka A tagar hagu ce. A jirgi mai kujeru shida a sahu, F ita ce tagar dama, C da D kuma su ne na bakin hanya. A manyan jirage masu hanya biyu, irin na doguwar tafiya, tagar dama kan zama K ko wani harafi kusa da shi. Galibi ba a amfani da harafin I, don kada a rikita shi da lamba 1. Nan gaba duk inda muka ce A muna nufin hagu, F kuma dama.

A bar wa rana gefenta

Abu na farko da za ku tambaya shi ne: ta wane gefe rana za ta kasance? Wanda ya zauna gefen rana ba zai ga abin kirki ba. Hasken zai bugi gilashi, kowane ɗan ƙarce da ƙurar da ke jikinsa su fito fili, ƙasa ta koma fari fat. Ga zafi. Wanda ke ɗaya gefen kuwa, rana na haska masa ƙasa kamar an kunna fitila daga bayansa, launuka su fito sarai. Dokar da mai ɗaukar hoto ke bi ce, da yakan ce ku juyo ku fuskanci rana shi ya ba ta baya.

Ga yadda ake yi. Ku ɗauko taswira, ku ja layi daga garin tashi zuwa garin sauka, ku sa kan kibiya a ƙarshe. Sai ku juya taswirar har kibiyar ta fuskanci gabanku. Abin da ke hagunku shi ne za a gani daga A, na damanku daga F. Mu ɗauki Kano zuwa Legas. Jirgin ya nufi kudu maso yamma, don haka tagar hagu na kallon kudu maso gabas, ta dama na kallon arewa maso yamma. Da safe rana na gabas, tana gefen A, sai ku zaɓi F. Da la'asar ta koma yamma, sai ku zaɓi A. Ranar dawowa komai ya juye: jirgin safe daga Legas zuwa Kano, A ce mai inuwa.

Tafiyar gabas ko yamma ta fi buƙatar tunani, domin a nan wata ne ke yanke hukunci ba sa'a ba. Nijeriya na tsakanin digiri 4 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A Disamba da Janairu rana kan karkata kudu, shi ya sa a lokacin sanyi tsofaffi ke jeruwa a jikin bangon da ke kallon kudu suna shan hantsi. Jirgin da ya nufi gabas a wannan lokaci, gefen damansa ne ke shan rana. A Yuni da Yuli kuwa rana kan wuce mu ta karkata arewa. A Kano, sau biyu a shekara take tsayawa daidai tsakar ka da azahar, cikin Afrilu da cikin Agusta, kuma a irin waɗannan ranakun da tsakar rana duk gefen da ka zauna ɗaya ne.

Akwai lokacin da ake karya wannan doka da gangan. Idan jirginku zai kasance a sama lokacin faɗuwar rana ko fitowarta, ku nemi gefen rana. Daga can sama ana ganin ja da ruwan goro da shuɗi sun jeru a bakin sama kamar zaren saƙa, alhali ƙasa ta riga ta yi duhu. Mu dai a ganinmu wannan ya cancanci a haƙura da rabin sa'ar zafi.

Gefen inuwa ma yana da tasa kyautar. Idan jirgi na wucewa ta saman gajimare, ku nemi inuwarsa a kan gajimaren. Wani lokaci za ku ga zobe mai launukan bakan gizo ya kewaye ta. Ƙananan ɗigon ruwan da ke cikin gajimare ne ke mayar da hasken rana baya. Tsakiyar zoben kan faɗa daidai wurin da mai kallo yake zaune a cikin inuwar jirgin, don haka na gaba da na baya ba wuri ɗaya suke ganinsa ba.

Fiffike

Abu na biyu shi ne fiffike. A yawancin jiragen fasinja fukafukan na manne ne a ƙasan gangar jirgi, wajen tsakiya. Wanda ya zauna a kansu, ƙarfe zai yi ta kallo. A jirgi mai sahu 30 ko fiye kaɗan, sahun da ke tsakanin 10 da 20 ne galibi abin ya fi shafa, ko da yake kowane kamfani da yadda yake jera kujerunsa. Zaɓi biyu ya rage: gaba ko baya.

Gaba ya fi, in an samu. Babu abin da ya tare, ƙarar inji ma da sauƙi. Sai dai kujerun gaba su ne ake saurin kamawa, wasu kuma na masu tikiti mai tsada ne. Baya ma ba laifi, musamman sahu biyar ko shida na ƙarshe, inda fiffiken ya riga ya janye daga ido. Illarsa ɗaya: iska mai zafi da ke fitowa daga inji kan sa abin da ke ƙasa ya riƙa rawa, kamar yadda kwalta ke yi da tsakar rana a watan Afrilu. Ido ba ya damuwa sosai, hoto ne ke lalacewa.

Kada mu zalunci kujerar kan fiffike. A nan ne jirgi ya fi natsuwa idan aka shiga gargadar iska, domin kusa take da tsakiyar nauyinsa, wutsiya kuwa ita ta fi kaɗawa. Duk wanda ya san mota ma kan tayar masa da zuciya, gara ya zauna nan ya sauka lafiya. Mai sha'awar zama injiniya kuma, babu kujerar da ta fi masa wannan. Zai ga yadda bayan fiffike ke zamewa ya ƙara faɗi lokacin tashi da sauka don jirgi ya iya tsayawa a iska da ƙaramin gudu, da yadda wasu faranti ke miƙewa tsaye da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa don su danne jirgin su rage masa gudu.

Akwai kuma jirage masu farfela irin su ATR 72, waɗanda fiffikensu ke saman gangar jirgi. A cikinsu ƙasa a buɗe take daga kusan kowace taga, kuma ba sa yin sama sosai kamar manyan, don haka gonaki da ƙauyuka sun fi fitowa. Mutane kan raina su saboda ƙara da rashin sauri, amma ga mai son kallo su ne gwanaye.

Wani tarko da ba kowa ya sani ba: akwai kujerar taga da ba ta da taga. A wasu jiragen Boeing 737, a gefen hagu gaban fiffike kaɗan, akwai sahun da bango ne kawai a gefensa, saboda bututun iskar sanyaya jirgi ya bi ta wurin. Idan kuna karɓar takardar shiga jirgi a kanta, ba laifi ku tambaya cikin ladabi ko sahun da aka ba ku yana da taga.

Me ke ƙasa?

Abu na uku shi ne wanda ya fi daɗi: me ke kan hanya, kuma ta wane gefe zai faɗo? Mu koma kan layinmu na Kano zuwa Legas, mai tsawon kimanin kilomita 830 a miƙe. Da tashi, idan an yi sa'ar juyawa ta kan birni, ga Dutsen Dala da Goron Dutse, ga cunkoson gidajen cikin ganuwa da lungunansu masu lanƙwasa, ga unguwannin waje da titunansu a miƙe kamar an ja da abin awo. Tarihin gari ke nan a kallo ɗaya. Can gaba layin ya bi kusa da tafkin Shiroro a jihar Neja, inda aka datse kogin Kaduna don samar da lantarki. Daga nan sai kogin Neja kansa, wanda layin ke tsallakawa a wajejen Pategi, ba nisa da inda kogin Kaduna ke zuba a cikinsa. Jebba na can gefen dama. Ku lura da tsibiran yashi a tsakiyar ruwa da rani, da yadda kogin ke rarrabuwa ya sake haɗewa.

Abin da ya fi burge mu a wannan hanya ba wuri ɗaya ba ne. Launin ƙasa ne. Ana tashi a kan ƙasa ja-ja mai bishiyoyi jefi-jefi, a hankali bishiyoyin su riƙa matsowa kusa da juna, kore ya riƙa duhu, har a iso inda ba a ganin ƙasa sai ganye. Abin da littafi ya raba gida-gida da launi daban-daban, ya ce nan ciyayin Sudan, nan na Gini, nan kurmi, daga sama babu layin da ya raba su. Ɗaya na narkewa cikin ɗaya ne, duk a cikin sa'a ɗaya da rabi.

Masu zuwa Abuja daga Kano, ku sa ido bayan tashi kaɗan, tafkin Tiga na kusa da hanyarku, tare da gonakin ban-ruwa na Kadawa da ke kore shar ko da rani. Wajen sauka kuma kowa Dutsen Zuma yake nema, wanda ke jikin takardar naira 100. Dutsen na arewa da filin jirgin. Titin saukar Abuja na ɗauke da lamba 04 a wani baki, 22 a ɗaya bakin. Ku ƙara sifili a bayan kowace, za ku sami alƙiblar da titin ke kallo a ma'aunin kamfas: digiri 40, wato arewa maso gabas, da digiri 220, wato kudu maso yamma. Idan jirgi ya shigo daga arewa maso gabas, Zuma zai faɗo a dama, birnin kuma a hagu. Idan ya kewayo ya shigo daga kudu maso yamma, dutsen zai kasance can gaba ta hagu. Wanne za a bi? Iska ce ke faɗa, domin jirgi kan tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, sannan masu kula da zirga-zirgar jirage su ba da umarni. Nan kam lissafinku ya ƙare, sai abin da Allah ya yi.

Haka ma a sama, jirgi ba dole ya bi layin da kuka ja ba. Akwai hanyoyin da aka tsara masa, kuma matuƙi kan kauce wa hadari. Layin taswira kimantawa ce, amma ga manyan abubuwa kamar kogi da tafki da jerin duwatsu, tana isa. Masu zuwa Nefal daga Indiya sun daɗe da sanin wannan: jirgi daga Delhi zuwa Katmandu gabas ya nufa, duwatsun Himalaya na arewa, don haka kujerun hagu ake rububi.

Hanyar Jidda

Tafiyar da ta fi shafar gidajenmu ita ce ta Saudiyya. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, ana fuskantar gabas da ɗan karkata arewa. A taswira, layin na bi ta gefen arewa na Tafkin Chadi, ke nan yawancin tafkin zai faɗo a dama. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Daga sama ba teku guda za ku gani ba, sai ruwa da ciyayi da ɗaruruwan tsibirai dogaye a jere, waɗanda tuddan yashi ne da ruwa ya kewaye. Bayansa sai Chadi, sai Sudan, sai kogin Nilu kamar koren zare a kan farin ƙyalle, sai Bahar Maliya. Kusa da gaɓar Jidda ruwan kan canza daga shuɗi mai duhu zuwa tsanwa mai haske, alamar duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa mara zurfi. A filin jirgin kuma ga fararen rumfunan tashar alhazai masu kama da tantuna, wadda aka buɗe a 1981.

Ku tuna da abu ɗaya in kun sami wannan kallo. Wannan shimfiɗar da jirgi ke ratsawa cikin 'yan sa'o'i, ita ce kakannin kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna da raƙuma don zuwa Makka. Wasu kan yi shekaru a hanya, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, sun zauna, kuma jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa har yau. Ta wannan yankin ne kuma jirage na farko suka iso mana: a Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Masar sun ratso Sudan da Chadi zango-zango. Matuƙansu ba su da rufi a kansu, balle taga.

Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jirage da yawa kan kauce wa sararin samaniyarta su yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Don haka in jirgin na da allon da ke nuna taswirar tafiya a bayan kujera, ku kunna shi ku riƙa haɗa abin da yake nunawa da abin da ke waje. Ku kuma sani agogon Jidda na gaban namu da sa'a biyu. Mai tafiya gabas rana kan yi saurin faɗuwa masa, jirgin da ya tashi bayan azahar cikin duhu zai isa.

Ina ne iyakar gani?

Ga ɗan aiki ga masu son lissafi. Saboda duniya a dunƙule take, akwai iyakar da ido zai kai kafin ƙasa ta lanƙwashe ta ɓace. Don gano nisan, ku ɗauki tsayin da kuke a mita, ku nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsayin, sai ku ninka ta da 3.57. Amsar a kilomita take. Ɗalibin da idonsa ke mita 1.6 daga ƙasa, a fili fetal, iyakar ganinsa kimanin kilomita 4.5 ne. Jirgin da ke mita 11,000 fa? Lambar da muke nema kusan 105 ce, domin 105 sau 105 ya ba da 11,025. A ninka da 3.57, an sami kimanin kilomita 375. Wannan ya zarce nisan Kano zuwa Abuja a miƙe.

A takarda ke nan. A zahiri iska ba ta cika yin tas haka ba, kuma mu nan muna da babban dalili: hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda kasan tsohon tafki ne da ya ƙafe. Idan ta yi kauri har tashin jirage akan soke a Kano da Maiduguri da sauransu. In an tashi kuwa, jirgi kan huda ta ya fito sama, sai ka ga sararin sama shuɗi tas, ƙasa kuma bargo ɗaya ruwan toka daga nan har iyakar gani. A irin wannan rana A da F duk ɗaya ne. Da damina ƙasa kan ɓuya a ƙarƙashin gajimare, amma gajimaren kansa abin kallo ne, domin hadarin yankinmu kan yi tsiri ya wuce tsayin da jirgi ke tafiya, matuƙi ya riƙa kewaya shi kamar mai kewaya dutse. Lokacin da muka fi so shi ne kaka, wajen Oktoba: ruwa ya wanke iska, ƙura ba ta iso ba, koguna a cike, ƙasa kore.

Ɗan ramin da ke jikin gilashi

Da kun zauna za ku ga ƙaramin huji a ƙasan tagar. Kada ku tsorata, da gangan aka yi shi. Tagar jirgi hawa uku ce. Ta waje ce ke ɗauke da nauyin bambancin iska, domin a tsayin mita 11,000 ƙarfin iskar waje bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke ƙasa ba, sanyi kuma kan kai digiri 50 ƙasa da sifili. Ta tsakiya na jiran ko-ta-kwana, kuma a jikinta hujin yake, yana daidaita iska yana hana gilashi yin raɓa. Ta ciki, wadda kuke taɓawa, kariya ce kawai.

Rashin kusurwa a tagar ma yana da tarihi. Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, ƙirar Birtaniya, ya fara aiki a 1952. A 1954 guda biyu suka tarwatse a sama kusa da Italiya. Bincike ya nuna cewa kumburi da saɓewar gangar jirgi a kowace tafiya na gajiyar da ƙarfe, kuma tsagewa kan fara ne daga kusurwar wuraren da aka yanke a jikinsa, inda nauyi ke taruwa. Tun daga nan ake lanƙwasa bakin kowace taga da ƙofa.

Samun kujerar, da zama a cikinta

Kamfanoni da yawa kan buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet sa'a 24 kafin tashi, kuma a nan ake nuna zanen kujeru a zaɓa. Wasu na karɓar ƙarin kuɗi, wasu kyauta ne. In ba ta wannan hanya ba, a je filin jirgi da wuri a roƙa a kanta. Kada ku sa rai da sahun ƙofar gaggawa: yawancin kamfanoni ba sa zaunar da wanda bai kai shekara 15 ko 16 a wurin ba, domin mai zama nan shi zai buɗe ƙofa in wani abu ya faru. Ba ku yi asara ba, galibi a kan fiffike yake.

Idan ma'aikatan jirgi suka ce a ɗaga murfin taga lokacin tashi da sauka, ba don kallo ba ne. Suna son a ga abin da ke waje in an sami matsala, kuma ido ya saba da hasken waje. Dalilin rage fitilu da dare ke nan. Mai ɗaukar hoto ya sa wayarsa a tsarin jirgi, ya kashe filasha, ya matso da ita dab da gilashi ba tare da ta taɓa ba, don kada girgiza ta shiga hoton. Riga mai duhu na rage inuwar da gilashi ke mayarwa. A harabar filin jirgi kuwa a tambaya kafin a ɗauka, wasu filayen namu akwai sansanin soja a gefensu.

Mai kujerar taga shi ke da murfi, amma ba shi kaɗai ke cikin jirgi ba. In rana na dukan fuskar na kusa da ku, ku sauke rabi. Ku shiga bayi kafin a tashi don kada ku yi ta tayar da mutum biyu. In kuka tarar wani ya zauna a kujerarku, ku nuna masa takardarku cikin girmamawa, in ya ƙi ku kira ma'aikacin jirgi, ban da musu. In kuma tsohuwa ce da ba ta taɓa hawa ba take son ta leƙa, to wannan ku da zuciyarku. Mu dai da za mu ce mata, "Hajiya, bismillah," mu koma ta tsakiya mu riƙa nuna mata kogi.

Ga na gwaji kafin mako mai zuwa. A ce za ku tashi daga Legas zuwa Maiduguri da ƙarfe huɗu na yamma a watan Oktoba. Ku ja layin a taswira, ku gano gefen da rana take. Sannan ku nemo Lokoja, inda kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, da kuma tsaunukan Jos, ku ga ta gefen da kowanne zai faɗo. Ɗaya na hagu, ɗaya na dama, kuma kujera ɗaya za a ba ku.